Laushi

Ranar farko a Yicang, mai gadin makaranta ya ce mini, “Ni hau.”
Na leƙa bayansa ko akwai tsani.
Ashe gaisuwa ce, kuma ta ƙare ke nan.
Babu ina gajiya, babu yaya iyali,
ba wanda ya tambaye ni ruwan bana.
Na tsaya da ragowar gaisuwata a baki
kamar wanda ya kai goro gidan da ba a ci.

Yara arba'in da shida suka miƙe tare
kamar an ja su da zare ɗaya:
“Laushi!”
Na ce, to, sun gano ni tun ban buɗe baki ba.
Malama Duwan ta raɗa mini: malami ke nan a harshensu.
Na karɓi sunan. Na ɗauki alli
na shiga raba musu Turanci,
ni da aro shi na yi,
na kuwa san zanen aro ba ya rufe katara.

Da girman kai na zo, ban ɓoye ba.
Ai mu ma harshenmu yana hawa yana sauka:
akwai kukar da ake kaɗa miya da ita,
akwai kukan da ake sharewa da gefen riga,
akwai wuyan rataya laya, akwai wuyar sha.
Me muryoyi huɗu za su yi mini?
Sai ga ni a shagon Malam Ha,
mai farar hula, wanda ya amsa sallamata cikakkiya,
ina son kwano ɗaya na dafaffen ƙullin fulawa,
bakina ya zame,
na tambayi matarsa nawa ne barci.
Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun albasa.

Tsinke biyu suka kunyata hannun
da ya shekara talatin yana yanka loma.
Taliya ta gudu, wake ya yi tsalle ya bar teburi.
Na nemi ruwan sanyi, aka miƙo mai tururi.
Ciwon kai, ruwan zafi. Kewa ma, ina jin, ruwan zafi.

A motar haya wani yaro ya goga yatsa a damtsena
ya duba yatsan.
Uwarsa ta kau da kai, kunnenta ya yi ja.
Daren nan ban kunna fitila ba.
Daga hawa na sha ɗaya na kalli jiragen dakon yashi
suna ratsa kogi a hankali.
Na kira gida. Can la'asar ce sakaliya,
Inna tana tsince shinkafa, tana cewa in ɗaga murya.

Mang Yawo, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba,
ta zana mini harafin mutum a bayan littafinta:
layi biyu kawai,
ɗaya ya jingina da ɗaya.
Na kwafa sau hamsin. Nawa duk suna ɗingishi.

Wata na biyar, ana yayyafi,
tsohuwa Fan ta tare ni a matakala,
ledar kabeji a hannu, numfashi sama-sama:
“Ci la ma?”
Ci.
Kalmar nan ban neme ta a ƙamus ba.
Tun ina goye na san ta.
Ashe ina gajiyarsu ke nan, a cikin kwano suke ajiye ta,
wata biyar ana gaishe ni ban amsa ba.

Na ce, “Ci la,” ko da yake ƙarya nake.
Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja tsaki irin na Inna,
ta tura ƙofarta da ƙafa.
Na cire takalmi.