Inci Huɗu

Wasiƙar farko ranar Laraba ta zo,
farin ambulan, da tambarin ƙungiyar masu gidaje:
ciyawar ƙofarka ta haura ƙa'ida da inci huɗu.
Ga hoto a manne. Gidana ne, ba musu,
har da takalmin Nusaiba ƙafa ɗaya a kan dakali.

Na bi sawun hoton da ido,
ya kai ni tagar Mista Prewitt,
mutumin da ke ɗaga mini hannu kowace safiya
kamar mai rabon albarka.

Ta biyu a kan yakuwa ce.
Kunya uku na yi mata a jikin shinge,
irin da Inna ta ƙulle mini tun daga Gumel.
Suka ce ba ta cikin jerin tsirran da aka yarje.
Dala saba'in da biyar.
Da daddare na tumɓuke ta,
tsaminta ya kwana a maƙoshina.

A nan Katy ta Texas gida naka ne,
bashin banki naka ne,
amma launin ƙofa na kwamiti ne,
haka tsawon shinge,
haka sa'ar da kwandon shara zai koma ɓoye.
An koya mana maƙwabtaka gida arba'in ce.
A nan shafi casa'in da biyu ce, da sa hannuna a ƙasa.

Ban yi faɗa ba. Na yi abin da ya fi faɗa:
na tsaya takara.
Mutum goma sha ɗaya suka zo zaɓe, a ɗakin bakin wurin ninƙaya,
bakwai suka ce Sidi Barau.
Aka danƙa mini tef ɗin awo da littafin tara.

Kai, mulki da daɗi, ko na ciyawa ne!
Na rubuta wa Misis Delgado kan fitilun biki da suka wuce wa'adi.
Na rubuta wa wani yaro kan ragar ƙwallo.
Matata ta ce, tafiyarka ma ta sake.

Yau ga ni a ƙofar Prewitt.
Ya kafa gadar katako daga tsakar fili zuwa baranda,
ba takardar izini, ba fenti,
ƙusoshi a karkace, aikin wanda bai iya ba.
Sashe na tara, sakin layi na uku. Na haddace shi.
Wata takwas ina jiran wannan rana.

Sai ƙofa ta buɗe da baya.
Yana jan keken matarsa, a hankali, a hankali,
bargo a gwiwarta cikin wannan zafi.
Ya gan ni. Ya ga wayar a hannuna.
Ya ɗaga mini hannu, kamar kullum.

Katakon yana ƙara a ƙarƙashin tayoyi.
Yatsana na kan maɓallin hoto,
tsamin nan ya dawo mini baki.