A'a a Bakin Ƙofa

Ƙarfe bakwai da rabi nake zare sakata.
Teku na can ƙasa, yana wanke wa Valparaíso ƙafa,
jiragen kaya na kuka kamar shanun da aka manta.
Ni ina nan kan tudu da gorar sabulu,
ina karɓar 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya.

Tía suke ce mini, wato gwaggo.
Gwaggon yara goma sha tara,
ba ko ɗaya da muka haɗa jini.

Kafin gaisuwa sai na juya tafin hannu,
in taɓa goshi da bayan yatsu,
in leƙa bayan kunne kamar mai cigiyar allura.
Amaro ya ɗauka wasa ne,
tun daga titi yake wangale mini baki.

Ran Talata Rayén ta zo a kafaɗar uwarta
da ƙuraje uku a wuya, masu ruwa,
sai ka ce raɓa ta kwana a fatarta.
Ƙarambau.
Na sani. Uwar ma ta sani,
shi ya sa ta ja mata riga har haɓa.

Kifi take gyarawa a bakin ruwa,
ranar da ba ta je ba, tukunya ba ta hau ba.
Ta ce, "Tía, yau kaɗai."
Na dubi gadon Bautista, wata takwas,
bai kai lokacin allurarsa ba.
Na dubi Eulalia mai dafa mana abinci,
cikinta ya fara tura riga.
Na ce a'a.

Kalma ce 'yar mitsila,
amma ta fi buhun gishiri nauyi a harshe.
Ta sauka matakala ba ta waiwayo ba,
jar hular yarinyar na ƙanƙancewa
har lungu ya haɗiye ta.

Sai dai cuta ba ta jiran a ce mata bismilla.
Tun jiya ta shigo, ta hau dokin katako,
ta yi barcin rana a tsakaninmu.

Muka buɗe tagogi, iskar teku ta yi ta shara.
Muka tura Eulalia gida, ta bi ta asibiti.
Kowane kofi da sunansa, kowane tawul da ƙusarsa.
Muka jiƙa 'yartsana da ƙwallo a baho,
muka shanya zakin auduga da kunne a igiya.
Na yanke farce ɗari da casa'in a yini guda.
Na bi katin rigakafi shafi-shafi,
na buga waya har kunnena ya yi zafi.

Mako biyu shiru.
Sai Nahuel. Sai tagwayen Ximena.
Bautista ya tsira, har yau ban daina godiya ba.

Ran sha shida na tsaya gaban madubi
na ga raɓa uku a wuyana.
Ni, mai shekara hamsin da biyu!
Mahaifiyata ta sha rantsuwa na yi shi tun ina rarrafe.
Ashe ƙyanda ce ta tuna.

Akwai riga mai dogon wuya a rataye.
Na daɗe ina kallonta.
Sannan na tsaya a bakin ƙofar kaina
na ce wa kaina a'a.

Kwana na uku, zazzaɓi na dafa ni,
ƙaiƙayi na roƙon farce,
na ji ana ƙwanƙwasa.
Uwar Rayén ce, tana haki, matakala ta gajiyar da ita,
da tukunyar romon kifi naɗe a tsumma.

Na ce, "Shigo, ki huta."

Ta ajiye tukunyar a dokin ƙofa,
ta ja da baya taku uku,
ta ɗora hannu a kan cikinta da ban lura da shi ba.
Ta ce, "A'a, Tía."
Muka yi dariya, kowa a tsallakensa,
romon na tururi a tsakani.