Kamun Kifi a Kan Katako

Ni Labaran, mai gyaran agogo a Alabar,
ruwan da na sani bai wuce na buta ba.
Kifi kuwa, a faranti muke gaisawa,
soyayye, da yaji, ba ya ko motsawa.

Ran Asabar Isaka Dogo ya faɗo rumfata,
ya ce, "Tashi, tafkin Bosomtwe na kiranmu.
Karfasar can har roƙo take a kama ta.
Kakana masunci ne, jinin yana jikina."
To, na san kakan nan, goro yake dillanci,
amma na yi gum. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Muka hau tiroto a Asafo da sassafe,
ni da ƙugiya uku, da tana a gwangwanin madara,
shi da kwandon da zai ci rabin buhun masara
da malafar da ya aro wajen surukinsa.
Kafin Kuntanase mota ta faɗa rami,
gwangwanin ya kife a cinyar wata dattijuwa.
Abin da ta faɗa da Tonanci ban ji ba,
amma wallahi na fahimta.

Muka gangara Abono.
Ga tafki kwance a tsakiyar duwatsu
kamar farau-farau a ƙasan ƙwarya.
Na ce, "Ina jirgin?"
Agya Boakye ya nuna mini katako.
Katako, jama'a! Ba baki, ba gindi,
faɗinsa bai kai bencin mai shayi ba.
Ya ce masuntan nan haka suka gada:
ka hau kamar jaki, ƙafafu a ruwa,
ka tuƙa da sakaina, sauran sai addu'a.

Isaka ya naɗe wando, ya yi bisimilla,
ya ɗaga mana hannu kamar mai tafiya Makka.
Taku goma daga gaɓa katako ya yi tunani,
ya ga bai dace a hau shi ba, shi ma ya hau Isaka.
Malafa ta tafi yawonta.
Jikan masunci yana shan gadonsa da hanci.

Ni kuwa na manne wa nawa kamar kaska,
ina karanto duk surar da ta zo bakina,
har da wadda ban haddace ba.
Na jefa ƙugiya ido a rufe.
Sai na ji nauyi! Na ce yau ga giwan ruwa,
yau Alabar za ta san da wa take zaune.
Na ja, ya ja. Na ja, ya yi salati.
Ashe mazagin wandon Isaka na kamo.

Yara biyu suka fito da mu kamar wanki,
suka shanya mu a kan yashi, suna dariya.
Isaka ya yi tari, ya laluba aljihu
don ya ga ko sidinsa ashirin sun tsira,
sai ga ɗan kifi, tsawon ɗan yatsa,
yana kallonmu, shi ma abin ya ba shi mamaki.

Ya ce, "Ka gani? Jini ba ya ƙarya."
Na ce, "Ni na kamo ka, kai da abin da ke cikinka."
Muka yi ta shari'ar har Asafo,
kwandon nan a cinya, fanko, yana jin mu.
A gida muka ba wa kyanwar Inna Lantana.
Ta shinshina, ta dube mu, ta yi gaba.

Agogon hannuna ya sha ruwa a ranar,
ya tsaya sha ɗaya saura minti bakwai.
Yana nan rataye a rumfa, ban taɓa shi ba.
In mai ciniki ya ce, "Malam, naka fa?"
sai in ce, "Wannan daidai yake.
Lokacin da na tuba yake nunawa."