Kayen Tela

A ƙarshen kayen da nake rubuta awon mutane,
bayan wuyan Alhaji Na-Allah,
bayan kafaɗar mushen lakwal da bai gama biya ba,
akwai shafi uku da babu lissafin kuɗi a ciki.
Nan nake ajiye ƴaƴana.

Na fari, bakina ba ya kama sunansa.
Haka na tarar, haka nake yi:
"kai", "yaron nan", "wancan mai ƙiriniya".
Amma alƙalami ba shi da kunya,
shi ya rubuta mini shi ran suna da dare,
da ƴan barka suka watse,
na lallaɓa na shimfiɗa metir gefensa kamar ɓarawo.
Hamsin da ɗaya.
Ƙyallen da ya ragu daga aljihun wani
ya ishe shi riga, har da hula.

Wata biyu Habsu na tafa hannu, ta-ta, ta-ta,
ya dube ta ya ci gaba da rarrafe.
Sai ran wata Juma'a jar akuyarmu
ta fizge ƙulin da ke hannunsa.
Ya miƙe ya bi ta. Taku huɗu,
na biyar cikin kwanon dusa.
Ni ina kasuwa wajen masu zare, ina ciniki kan dala goma.
Labari aka ba ni.
Har yau in muka haɗa ido da akuyar nan
sai ta ci gaba da tuƙa,
ta san ta ga abin da ban gani ba.

Shafi na biyu na Cima ne,
ita kam ina kiranta har maƙwabta su ji.
Akwai gurbi a tsakiyarsa:
damanar da haƙori ya zo mata da zawo,
kwana shida muna asibiti,
damtsenta ya koma kamar sillen kara.
Na auna. Ban rubuta ba.

Da lokacin yaye ya yi aka kai ta Tibiri gun kakarta.
Gida ya yi faɗi.
Habsu ta ɗaure ƙirji da zane tamau,
ta ce hayaƙi ne ke sa ta hawaye,
ga murhu can, tun safe ba a hura ba.
Bayan kwana ashirin Cima ta dawo,
ta dube mu ɗai ɗai kamar masu bin ta bashi,
ta wuce ta buɗe ƙwaryar fura.

Shafi na uku fari ne tas.
Sai dai kwanan nan
Habsu ta fara aike a sayo mata tsamiya da goriba,
ni kuma na fara tara ƙyalle masu laushi
ba tare da mun ce wa juna komai ba.

Bara na ɗinka wa yaron nan wandon lakwal,
na naɗe ƙafar ninki biyu don gaba.
A bakin ƙofa shi ya fara sakin hannuna.
Na dawo Bagalam na ɗinka hannun riga a baibai.

Jiya bayan la'asar, wuta ta ɗauke,
ina taka keke da ƙafa,
ya jawo kayen yana buɗawa,
ga giɓi a bakinsa inda haƙora biyu suka faɗi.
Ya ɗora yatsa, yana haɗa baƙi kamar mai tsallaka Gulbi:
Na. Fi. U.
Ya sake. Ya ɗago kai.
"Baba, ashe ka san sunana?"

Keken ya tsaya da kansa.
Na nemi almakashi, alhali yana hannuna.
Na ce, "Kai, miƙe tsaye mu gani,
wandon nan ya ɗage."