Takin da Na Zuba

Takin da na zuba wa albasa a Jiratawa,
buhu kan buhu, rani kan rani,
ashe bai tsaya a saiwa ba.
Ya bi yashi, ya gangara,
ya riga ni isa rijiya.

Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci.
Sai da leɓen jikata Tsahara ya yi shuɗi
kamar an tsoma shi a marina.
Likita ta ce nitrat.
Na ce ban san shi ba.
Ta ce, ka san shi, da kuɗinka ka sayo shi.

Wai tafasawa ma kauri take ƙara masa.

Yanzu faifan sola huɗu ne bayan masallaci.
Ranar da ke gasa mana ƙeya
ita ke tura ruwa cikin tanki,
ya ratsa ɓawon gyaɗa da tsakuwa,
wasu halittu da ido bai gani
su cinye dafin, su mai da shi iska.

Lawali ɗan makanike
yana tsoma 'yar takarda duk Lahadi.
Jiya ba ta yi ja ba.

Ni na fara sha.
Bana da murfin kwalba zan auna taki,
rami rami, ina duƙe.