Funfuna

A Legas fata ba ta bushewa.
Ka shanya da hantsi, la'asar ta yi gumi,
kwana uku funfuna ta hau ta
kamar yadda furfura ta hau ni.

Ni ne Jatau ɗan Barau baduku.
A gidanmu yaro kan san warin jima
kafin ya san ƙanshin miya.
Bagaruwa a turmi, toka a kwatarniya,
karan dafi ya rina mana farce
har a tambaya ko lalle muka ƙunsa.
Baba kan shafa gadon bayan doki sau ɗaya
ya faɗa wa masassaƙi faɗin itace.
Dokin manomi, dokin mai awon hatsi,
kowanne da sirdinsa, ba aro.

Sai babur ya shigo gari.
Ba ya cin harawa, ba ya neman kanwa.
Turke ya koma na akuya.

Yau ga ni gefen titin jirgi a Agege,
ina rufe kujerar Keke da leda,
soso a ciki, ƙusa a bakina.
Basillar Baba tana gwangwanin madara
tare da tsabar da ba a karɓa.

Ran Talata wani yaro, Akanbi,
ya diro daga danfo da buhu a ka.
Doki yake ja a bakin teku,
a hau, a ɗau hoto, a biya.
Ya zazzage: sirdi ne, gishiri ya ci,
ƙwacciya a tsage, majayi igiyar roba,
likkafa ɗaya waya ce aka lanƙwasa.
Na juya cikinsa, hannuna ya tsaya.
Ɗinki biyu a haye, na uku a ɓoye.
Ba mai yin haka sai 'yan gidanmu.
Na Baba ne ko na Kawu Cindo?
Fata ta yi shiru.

Na ce ya dawo Juma'a.
Jar fata wurin mai ɗinkin laya na samo,
tafin hannu biyu, da tsada.
Dare uku da fitilar waya a haƙori,
janareton maƙwabci na yi mini kiɗa,
yatsu suka tuna abin da kai ya manta.

Sallau ɗana ya biyo daga Ikeja
inda yake sayar da rigar waya.
Ya ɗau hoto, ya ce, "Baba, ya yi kyau."
Na miƙa masa basilla.
Ya dubi titi, ya ce hanya za ta cushe,
sai wani jiƙon.

Akanbi ya biya rabi, na ce ya isa.

Yanzu haka can bakin ruwa
wani ramammen doki na tafe
da ɗinkin gidanmu a bayansa,
gishiri kuma ya soma aikinsa.
Na shafa wa basilla man gyaɗa,
na rufe gwangwani.
Mai Keke na ta danna oda.