Baƙon da Ya Zo Cikin Dutse

A falon Injiniya Maikano, a Maitama,
akwai teku mai tsawon taku huɗu.
Ni nake mata wanka.
Ran Asabar in auna gishiri da kofi,
in dama shi a bokiti kamar fura,
in goge gilashi har in ga fuskata tana iyo
tsakanin kifaye masu launin atamfa.

Ban taɓa ganin teku ta gaske ba.
Wannan ce tawa, da soket take numfashi.

Duwatsun daga Ikko suka zo, cikin kula,
a jiƙe, naɗe da tsohuwar jarida,
suna warin abin da ban san sunansa ba.
An biya kuɗin dutse, an biya kuɗin mota.
Shi ko sisi bai biya ba.

Wata bakwai ba mu san da shi ba.
Sai dodon-koɗi ya fara zama fanko.
Sai jatan lande mai jan wando ya ɓace.
Sai shuɗin kifin da Zulai ta raɗa wa Sarkin Gayu
ya kwana, bai wayi gari ba:
ba gawa, ba ƙaya,
yashi a shimfiɗe lumui kamar ba a yi komai ba.
Injiniya ya dubi tanki, ya dube ni.
Na san irin kallon.
To wa zai soya kifin da bai kai yatsa ba?

Daren Laraba na ƙi barci.
Na ɗaure bakin tocila da jar leda,
na zauna a ƙasa, sanyin tayil na cin ƙafata.
Biyu da kwata yashi ya motsa.
Gashin baki biyar suka leƙo,
sannan kai, sannan wuya,
sannan wuya, sannan wuya,
jiki gaɓa-gaɓa kamar carbin da ya ƙi ƙarewa,
ƙafafu sun ninka na shanshani,
gadon baya na sheƙi irin na fetur a kan ruwan kwata.
Kamu biyu na auna da ido. Sauran yana rami.
Na yi a'uziyya can ƙasan maƙoshi, kada in tashi gidan.

Ya tsaya cak, baki a buɗe kamar tarkon ɓera,
yana sauraron ruwa.
Na yi tari.
Babu shi.

Na ɗana masa kwalba da nama a ciki;
ya cinye, ya bar mini kwalba.
Na kama shi da hantsaki, ya bar mini wutsiya
da ƙaiƙayin kwana uku a babban yatsa.

Ni ma a bayan motar tumatir na shigo garin nan,
kwance tsakanin kwanduna tun daga Kwanar Gafan.
Direba bai san da ni ba sai a Zuba.
Yanzu ɗakina na jingine da na janareto,
in baƙi sun zo, ba a ganina.
Ba cewa nake mu ɗaya ba ne.
Ni ban ci Sarkin Gayu ba.

Injiniya ya yanke hukunci:
Asabar a kwashe dutse, a tankaɗe yashi,
abin da aka samu a zuba masa ruwan zafi.
Na ce to, ranka ya daɗe.

Amma na ɓoye bokiti ɗaya a bayan ƙofata,
na auna masa gishiri daidai.
Ban san ina zan kai shi ba.
Tafkin Jabi ba gishiri,
kuɗin motar Ikko ya fi rabin albashina.

Yau Alhamis. Gida ya yi tsit, famfo na gunaguni.
Na saki guntun nama a bakin ramin,
na kashe tocila,
ina jira.